SHARHI: Wa ke gwada idon jiragen yaƙin da ke shawagi a samaniyar Katsina?

A tsakiyar watan Oktoban 2021 jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta buga wani rahoto da ya tayar da ƙura a Abuja. Jaridar ta ce wani jami'in leƙen asirin sojan sama ya kai wa 'yan bindiga naira miliyan 20 a dajin Rugu, domin a karɓo wata bindigar harbo jirgi mai bakin milimita 12.7 da suka ƙwace daga hannun sojoji. Dalilin, in ji jaridar, shi ne Shugaba Muhammadu Buhari na shirin zuwa gida Daura, ana kuma fargabar bindigar za ta iya zama barazana ga jirginsa. Rundunar Sojan Sama ta ƙaryata labarin ta bakin kakakinta na lokacin, Edward Gabkwet.

Sai dai watanni uku kafin nan an yi abin da ba wanda ya musanta. Ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a Zamfara, yana kan hanyar dawowa daga farmakin da ya kai tsakanin Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da lema ya tsira. Tun daga ranar ta tabbata cewa samaniyar Arewa maso Yamma ba ta zama mafaka ga jirgin gwamnati ba.

A duk lokacin da irin wannan ta faru, muhawararmu kan tsaya a wuri ɗaya: a sayo sababbin jirage. An kuwa sayo. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne halin da na'urorin cikin jiragen suke ciki bayan an gama bikin ƙaddamarwa, an naɗe jan kafet, manyan baƙi sun watse. Jirgin yaƙi na wannan zamani yana gani ne da na'ura, yana ji da na'ura, da ita kuma yake kare kansa. Idan ba a kula da su, ba a gwada su a kan kari, jirgin zai tashi lafiya ya sauka lafiya, amma ba zai bambanta ayarin 'yan bindiga da taron maulidi ba.

Mene ne yaƙin laturoni?

Abin da sojoji ke kira yaƙin laturoni gwagwarmaya ce a kan igiyoyin da ido ba ya gani, waɗanda rediyo da wayar salula da na'urar hangen jirage ta rada ke aiki da su. Ya kasu kashi uku. Na farko saurare: kama siginar abokin gaba, a gano irinta da wurin da take fitowa. Na biyu farmaki: toshe masa sadarwa ko rikita masa na'ura. Na uku kariya: hana shi yi maka abin da kake son yi masa.

A jikin jirgin da aka ƙera don yaƙi akan sami na'urar da ke gargaɗin matuƙi idan rada ta kama shi, da wadda ke hango makami mai linzami da aka harbo masa. Akwai akwatunan da ke watsa curin wuta mai tsananin zafi don yaudarar makamin da ke bin zafin inji, da waɗanda ke watsa siraran zaruruwa masu rufin alminiyom, kamar ƙaiƙayi a iska, don rikita rada. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Birtaniya ta yi amfani da ita a kan birnin Hamburg na Jamus tun a Yulin 1943. Daura da waɗannan akwai kyamarar da ke gani dare da rana ta hanyar zafin jiki, da hasken leza da ke nuna wa bam inda zai faɗa, da na'urar GPS da ke gaya wa jirgi inda yake.

A nan akwai abin lura. Bindiga mai bakin 12.7 harsashi take harbawa, harsashi kuwa ba ya da kunne balle a rikita shi, ba ya bin zafi balle a yaudare shi. Ƙarfinta a kan jirgi bai wuce tazarar kilomita biyu ba. Maganinta shi ne jirgi ya yi sama inda ba ta kai wa. Amma gwargwadon nisan matuƙi da ƙasa, gwargwadon dogaronsa da kyamara da leza da taswirar da aka ɗora masa a kwamfuta. Ke nan bindigar ɗan ta'adda ce ke kora jirgi sama, ingancin na'ura kuma shi ke yanke hukuncin wanda bam zai faɗa wa a ƙasa. Idan na'urar ta gaza, zaɓi biyu ya rage wa matuƙi: ya sauko ya sa ransa a haɗari, ko ya saki makami bisa zato.

Aikin da ba a ɗaukar hotonsa

Kula da waɗannan na'urori hawa uku ne. Hawa na farko a bakin jirgi ake yin sa kafin tashi: na'urar ta binciki kanta, ma'aikaci kuma ya zo da akwatin gwaji da ke kwaikwayon siginar abokin gaba, a ga ko za ta yi gargaɗi. Idan wani sashe ya mutu, a zare shi a sa wani. Hawa na biyu a ɗakin gyara ne, inda ake buɗe sashen da aka zare a gano abin da ya ƙone. Hawa na uku babban garambawul ne, wanda sau da yawa sai an mayar da kayan ga kamfanin da ya ƙera su a ƙasar waje.

Akwai kuma daidaita awo. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Mai'aduwa ya san cewa tiyar da aka bubbuga wa gindi tana nan da kamanninta na tiya, awon ne kawai ya canza. Haka na'ura take. Girgizar jirgi da zafin rana da tsufa suna sa saitin kyamara da na leza su rabu da kaɗan-kaɗan. Karkatar da ba ta kai digiri ɗaya ba, daga nisan kilomita biyar, tana iya kai makami gomman mitoci daga inda aka nufa, kuma a ƙauye wannan tazara ita ce tsakanin bakin daji da tsakar gida. Su kansu akwatunan gwajin sai an riƙa kai su ana daidaita su lokaci-lokaci, in ba haka ba makaho ne ke yi wa makaho jagora.

Curin wutar nan da ake watsawa yana da wa'adi kamar magani. Manhajar da ke gane siginar abokan gaba tana bukatar sabuntawa duk lokacin da suka canza kayan aiki. Sannan yanayinmu ba ya tausaya wa na'ura: ƙurar hunturu tana dusashe gilashin kyamara tana toshe hanyoyin sanyaya, zafin bazara a Katsina kan haura digiri 40, damina kuma ta zo da laimar da ke cin mahaɗin wayoyi. Duk wannan aiki ne na kullum, mai cin kuɗi, wanda ba a yanka masa kirtani, ba a gayyato gwamna ya buɗe shi. Shi ya sa shi ne abin da ya fi sauƙin yankewa a kasafi.

Mun taɓa ganin haka

Tarihinmu na kusa ya ishe mu darasi. Kwamitin da Buhari ya kafa a 2015 don binciken sayen makamai, ƙarƙashin tsohon hafsan sojan sama John Ode, ya fitar da sakamako a Janairun 2016 wanda fadar shugaban ƙasa ta bayyana wa jama'a. A ciki aka ce an sayi tsofaffin jirage masu saukar ungulu biyu ƙirar Mi-24V a kan kusan dala miliyan 137, alhali sabo ɗaya bai wuce kimanin dala miliyan 30 ba, kuma an kawo su ba fukafukan da ke juyawa a samansu, ba su iya tashi. Aka kuma ce an biya dala miliyan 7.18 don tsofaffin Alpha Jet huɗu da ba a shirya su don yaƙi ba. Idan har za a iya karɓar jirgi ba fukafuki, wanda ko yaro zai gane, ina ga na'urar da ke ɓoye a cikin akwati, wadda sai ƙwararre da kayan gwaji ne zai san ko tana aiki?

An samu sauyi bayan nan, kuma adalci ne a faɗa. Najeriya ta biya dala miliyan 496 a 2018 don jiragen A-29 Super Tucano 12, shida na farko suka iso a Yulin 2021, aka ajiye su a Kainji. Cinikin ya haɗa da kyamarorin gani dare da rana, da makamai masu bin hasken leza, da horo. An karɓi JF-17 uku daga Pakistan a 2021, an sayo T-129 shida daga Turkiyya, an ƙulla cinikin M-346 guda 24 da kamfanin Leonardo na Italiya, Amurka kuma ta amince a Afrilun 2022 ta sayar da AH-1Z 12 a kan dala miliyan 997. A zamanin Sadique Abubakar rundunar ta ce adadin jiragenta masu iya aiki ya tashi daga kimanin kashi 35 cikin 100 a 2015 zuwa sama da kashi 80.

Wannan adadi yana da daɗin ji, amma yana bukatar tambaya ta biyu. A tsarin sojojin sama na duniya ana bambanta jirgin da zai iya tashi da jirgin da zai iya cika dukkan aikin da aka saye shi dominsa. Jirgin da injinsa lafiya lau amma kyamararsa ta dusashe yana cikin rukunin farko, ba ya cikin na biyu. Ga mutumin Batsari ko Jibiya, rukuni na biyun ne ya shafi ransa.

Wata matsalar ita ce tarin kasuwanni. Alpha Jet na Faransa da Jamus ne, tun farkon shekarun 1980 muke da su. Mi-35 na Rasha ne, jirage marasa matuƙa irin su Wing Loong na Sin, ga na Italiya, ga na Turkiyya, ga na Amurka da Brazil. Kowanne da nasa kayan gwaji, da nasa littafin gyara, da nasa ƙwararru, ba a ɗaukar na wannan a sa wa wancan. Kowanne kuma da siyasar da ke bayansa. A 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jiragen Cobra. A Janairun 2018 Ministan Tsaro Mansur Ɗan-Ali ya koka a fili kan sharuɗɗan cinikin Super Tucano, ciki har da taƙaita rawar ma'aikatan Najeriya wajen gyara, ko da yake daga baya an horar da matuƙa da masu gyara 'yan Najeriya a sansanin Moody da ke jihar Jojiya. Tun daga 2022 kuma yaƙin Yukren da takunkuman da aka sa wa Rasha sun wahalar da samun kayan gyara ga ƙasashen da ke amfani da jiragenta. Wanda ba ya iya buɗe na'urarsa ya gyara, aro yake yi ko da ya biya kuɗi.

Waɗanda ke biyan kuɗin kuskure

Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, mutane da dama suka mutu, ciki har da ma'aikatan agaji. Bayanin da Hedikwatar Tsaro ta bayar daga baya shi ne sansanin ba ya cikin taswirar da ake aiki da ita. Wannan amsa ta isa ta nuna cewa bayanan da ake ɗora wa jirgi su ma kaya ne da ke tsufa, suna bukatar mai duba su kamar yadda inji ke bukata.

Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na Rundunar Sojan Ƙasa ya kai hari kan masu maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce an binne mutum 85. A Mayun 2024 sojoji suka ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. Ranar 25 ga Disamban 2024 an sake yin asarar rayuka a ƙauyukan ƙaramar hukumar Silame ta Jihar Sakkwato.

Ba kowane irin wannan kuskure ne ke fitowa daga lalacewar na'ura ba. Akwai rahoton sirri na ƙarya, akwai gaggawar mai ba da umarni, akwai ƙarancin horo. Amma hanya ɗaya ce ta rarrabe su: bincike ya duba kundin gyaran jirgin, ya ga ranar da aka gwada na'urorinsa na ƙarshe da sunan wanda ya sa hannu, sannan a gaya wa jama'a sakamakon. Muddin ana rufe cikakkun rahotanni, ba mai iya cewa an gyara abin da ya jawo na jiya.

Ina ruwan Daura?

Mai karatu a Daura zai iya cewa wannan matsalar mutanen yammaci da kudancin jihar ce. Gaskiya ne ƙananan hukumomin masarautar biyar, wato Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, ba su ga irin abin da Safana da Faskari da Ƙanƙara suka gani ba. Ko lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar a Satumban 2021, ba a taɓa su ba. Amma a cikin garin Daura aka sace Magajin Gari, Musa Umar Uba, ranar 1 ga Mayun 2019, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. A Yulin 2022 kuma an buɗe wa ayarin share fagen shugaban ƙasa wuta kusa da Dutsinma yana kan hanyar Daura. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Katse layukan nan ma darasi ne. Gwamnatin da ke da isassun na'urorin saurare masu aiki tana barin ɗan ta'adda ya yi magana ne domin ta gano inda yake. Kashe sadarwar miliyoyin mutane, ɗan kasuwa da ɗalibi da mai naƙuda, alama ce ta rashin abin da zai ware mai laifi shi kaɗai. Su kuwa 'yan bindigar suna da oba-oba, kuma a kan iyaka sabis ɗin kamfanonin Nijar yana shigowa.

Sai batun iyakar kanta. Masarautar Daura tana jingine da jihar Damagaram, daga Kwangwalam zuwa Baure, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya. Jirgin da ke gudun kilomita 500 a sa'a yana cin fiye da kilomita 8 a minti ɗaya. A Fabrairun 2022 gwamnan Maraɗi ya sanar cewa harin jirgin Najeriya ya kashe yara bakwai bisa kuskure a ƙauyen Nachade na yankin Madarunfa, cikin ƙasar Nijar. A wancan lokaci Abuja da Yamai suna ɗasawa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS, irin wannan kuskure zai iya zama rikicin ƙasa da ƙasa, kuma mutanen kan iyaka ne za su fara ɗanɗana rufe hanya da mutuwar kasuwa.

Barazanar ma tana sauya kama. Tun ƙarshen 2024 mayaƙan ISWAP suka fara kai wa sansanonin soja hari a Borno da ƙananan jirage marasa matuƙa irin na kasuwa da aka ɗaura wa abin fashewa. Jami'an Amurka sun ƙiyasta cewa Libiya ta tara makamai masu linzami na kafaɗa har kusan 20,000 kafin faɗuwar Gaddafi a 2011, kuma hanyoyin fasa-ƙwaurin Sahel a buɗe suke. Ranar da irin wannan makami ya bayyana a dajin Rugu, curin wutar da wa'adinsa ya ƙare ba zai ceci kowa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya kamata a nema

Za a ce wannan sirrin tsaro ne, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 duk sun ware harkar tsaro. Akwai abin da ya cancanci ɓoyewa, kamar zangon da na'ura ke aiki a kai ko raunin wani jirgi takamaimai. Amma jimillar alƙaluma ba sirri ba ce. A Amurka ofishin binciken kuɗi na majalisa ya wallafa cewa a Maris ɗin 2023 kimanin kashi 55 cikin 100 ne kawai na jiragen F-35 ke shirye don aiki, ya kuma ɗora laifin a kan ƙarancin kayan gyara da jinkirin kafa wuraren gyara. Bai rusa tsaron ƙasar ba, matsin lamba ya jawo.

Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowacce tana da kwamitin sojan sama. Sanatan shiyyar Daura da 'yan majalisar mazaɓun Daura, Sandamu da Mai'aduwa, da na Baure da Zango, suna da damar miƙa tambayoyi huɗu. Nawa aka ware don gyara da gwajin na'urori, nawa aka saki a zahiri? Kashi nawa na jiragen da ke aiki a Arewa maso Yamma ne dukkan na'urorinsu ke lafiya? Wane gyara ake iya yi a cikin gida, wanne ne sai an fitar waje, kuma wata nawa yake ɗauka? Kowane sabon ciniki ya ƙunshi kayan gwaji da horar da ma'aikatanmu na shekara nawa?

Akwai kuma abin da Daura za ta iya bayarwa. Shekaru takwas na mulkin Buhari sun bar wa garin asibitin sojan sama da aka buɗe a Agustan 2019, da bataliya ta 171, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri. Tun da aka binne shi a gidansa ranar 15 ga Yulin 2025, zamanin da ake kawo wa garin aiki saboda ɗansa na kan mulki ya wuce, yanzu sai abin da waɗannan cibiyoyi suka iya haifarwa. Makarantar koyon fasaha ta sojan sama tana nan Kaduna. Haɗin gwiwa tsakaninta da makarantun Daura a fannin laturoni da daidaita na'urorin awo zai samar da matasan da ƙasa ke bukata, waɗanda ko ba su sa kaki ba za su sami aiki a filayen jiragen sama da kamfanonin sadarwa da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa garin.

Zaɓe na tafe, kuma 'yan takara za su zo da lissafin jiragen da aka sayo. Matashin da ke cikin taron yana da ikon ɗaga hannu ya tambayi nawa ne daga cikinsu ke gani da kyau a yau, da ranar da aka gwada su na ƙarshe. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.